Ledar RC522 da allon ESP32: abin da za su koya wa ɗalibin Damagaram, da inda ƙarfinsu ya ƙare

Ɗalibi zai iya shekara guda ana zana masa da alli yadda kati ke magana da na'urar karantawa, ya kwafa, ya ci jarrabawa, amma ranar da aka miƙa masa farin kati aka ce ya faɗi abin da ke ciki sai ya tsaya yana juya shi a hannu. Ledar RC522, wato ƙunshin ƙaramar na'urar da ke karanta kati in an ɗora shi a kanta, ita ce hanya mafi araha ta fita daga wannan hali. Ba kamfani ɗaya ke buga ta ba, masana'antu ne barkatai a ƙasar Sin, amma ko'ina aka sayo ta kusan abu ɗaya ake tararwa: ƙaramin allo shuɗi mai eriya shimfiɗe a jikinsa, farin kati guda, ɗan maƙalen makulli guda, da ƙafafu takwas kashi biyu, miƙaƙƙu da lanƙwasassu. Guntun da ke kan allon, MFRC522, ƙirar kamfanin NXP ce na ƙasar Holan. Yana aiki a zangon 13.56 MHz, kuma yaren katunan ISO 14443A yake ji. In aka haɗa shi da allon ESP32, wata ƙaramar kwamfuta da ta zo da wifi a cikinta, an sami ɗan ɗakin gwaji mai darasi biyu: abin da ke cikin kati, da abin da ke samun bayanin bayan ya hau rezo.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne a saya, a sayi biyu ma. Amma ba don ƙarfin na'urar ba. Rauninta ne amfaninta. Wanda ya saya don ya tsare shagon babansa da ita ya yi asarar kuɗi, wanda kuwa ya saya don ya ga da idonsa yadda irin wannan tsaro ke rushewa ya ci riba.

Kada ka sa ran za ka shiga kasuwar Dole ka ɗauko ta a tebur kamar caja. Igiyar USB, dalma, ƙarfen dalma da mitar auna wuta ana iya nemansu cikin gari, amma allunan kansu galibi sai an yi saƙo, ko ta hannun masu zuwa Kano, ko daga Yamai a motar safa. Kuɗin yana hawa da sauka da canjin naira da sefa. Shi ya sa ya fi kyau ɗalibai huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su yi saƙo guda, su ƙara da fararen katuna goma na daban. Kati ɗaya da ke cikin ledar ba zai kai ko'ina ba, kuma za mu zo ga dalilin. Haka ma manhajar Arduino, wadda da ita ake rubuta kod a tura wa allon, da kayan haɗin ESP32: ɗaruruwan megabayit ne. Mutum ɗaya ya sauke a inda rezo ke da ƙarfi, sauran su kwafi jakar Arduino15 ta kile.

Tuntuɓe na farko tun kafin a kunna komai yake zuwa. Ƙafafun ba a like suke ba. Ɗalibai da yawa sukan zura su cikin hujin allon su danne da yatsa, abu ya yi aiki minti ɗaya ya daina, su ce na'urar jabu ce. Ba jabu ba ce, dalma take so. Ƙarfe mai zafin kusan digiri 350, a taɓa ƙafa da bakin hujin tare na daƙiƙa biyu zuwa uku, a miƙa dalma ta narke ta zagaye, a ɗauke. In hannunka bai saba ba, kowane mai gyaran salula a Zango ko Sabon Gari zai like maka takwas ɗin nan kafin shayinsa ya huce. Ka dai duba tsakanin ƙafa da ƙafa kada dalma ta haɗe su.

Sai wuta. Allon bolt 3.3 yake ci. Ka ba shi 5, ƙila ya mutu nan take, ƙila kuma ya rayu da ciwo, yana karanta kati yau yana ƙi gobe, wanda ya fi mutuwar wahalarwa. A nan ne ESP32 ya fi Arduino Uno, wani allo mai irin aikinsa, dacewa. Uno da bolt 5 yake magana a ƙafafunsa, ko da ka ɗauki wutar allon daga wurin 3.3, alhali ESP32 duk maganarsa da 3.3 ce. Haɗin ba shi da wuya: SDA zuwa ƙafa ta 5, SCK zuwa 18, MISO zuwa 19, MOSI zuwa 23, RST zuwa 22, GND zuwa GND, 3.3V zuwa 3V3. IRQ a bar ta a sake. Rubutun SDA ɗin yana ruɗar wanda ya saba da I2C, amma a nan ƙafar zaɓen na'ura ce ta SPI, hanyar da allunan biyu ke magana da juna. Wayoyin su zama gajeru, kada su wuce santimita 15 zuwa 20. Wanda ke da Uno kawai: 10, 13, 12, 11, da 9 a wannan jeri.

Bayan an saka laburaren MFRC522, wato shiryayyen kod na magana da guntun, a manhajar Arduino, a buɗe misalin DumpInfo, a gyara lambobin ƙafafu biyu da ke samansa su dace da haɗin, a tura. Layin farko da zai fito a tagar Serial shi ne likitanka. In ya nuna 0x91 ko 0x92, guntun ya amsa da lambar na asali. In 0x88 ne ko 0x12, kwaikwayo ne, kuma yawanci yana karanta kati duk da haka, sai dai mai 0x12 yakan faɗi gwajin kansa da ke misalin firmware_check. In kuwa 0x00 ko 0xFF ka gani, ba maganar da ke wucewa tsakanin allunan biyu sam, kuma laifin kusan kullum na waya ne: ko an juya MISO da MOSI, ko dalma ba ta kama ba. Haruffan shirme a taga alama ce ta saɓanin gudu, misalin yana kan 9600, tagar tana kan wani abu daban.

ESP32 ma yana da halinsa. In kwamfuta ba ta gan shi ba, fara zargin igiyar, don yawancin igiyoyin da ake sayarwa da araha na caji ne kawai, ba wayar bayanai a cikinsu. In igiyar lafiya take, duba ɗan guntun da ke kusa da bakin USB, CP2102 ne ko CH340, ka saka direbansa. Wasu allunan sai ka danne maɓallin BOOT lokacin da ake tura kod. Kuma in yana ta mutuwa yana tashi da zarar wifi ta kunna, yana rubuta maganar Brownout, wuta ce ba ta isar sa. Canza igiya, ko ka sa kondansa mai microfarad 470 tsakanin 3V3 da GND, ka kula da ƙafarta mai tsawo ta tafi wurin 3V3.

To, a ɗora kati. Nan ne ledar ke biyan kuɗinta.

Farin katin Mifare Classic 1K ne, ko kwaikwayonsa. Za ka gane shi da lambar SAK 08 da DumpInfo zai rubuta, lambar da ke nuna nau'in kati. Cikinsa bayit 1024, an raba su sashe 16, kowane sashe layi 4, kowane layi bayit 16. DumpInfo zai zubo maka layuka 64 ɗin duka, daga na 63 zuwa na 0. Layin 0 na masana'anta ne, a nan lambar katin take, wadda ake kira UID, bayit huɗu a irin katunan nan, sai bayit na biyar wanda lissafin XOR ne na huɗun farko. Ɗauki biro ka yi lissafin da kanka sau ɗaya, ya fi karanta shafi goma. Layin ƙarshe na kowane sashe, wato 3, 7, 11, har zuwa 63, ba wurin ajiya ba ne, shi ne mai gadin sashen: bayit shida na mabuɗin A, uku na dokokin shiga, ɗaya sakakke, shida na mabuɗin B. Cire waɗannan 16 da layin masana'anta, saura layi 47, wato bayit 752. Iyakar abin da za ka iya ajiyewa ke nan.

A sabon kati za ka ga layin mai gadi ya fara da sifili goma sha biyu, sai FF 07 80 69, sai FF sau shida. Sifilin nan ƙarya ce. Katin ba ya taɓa nuna mabuɗin A, sifili yake bayarwa a madadinsa. Ainihin mabuɗin da ya fito da shi daga masana'anta FF ne sau shida, kuma da shi DumpInfo ya buɗe sassan duka. Tambayar da ya kamata ta dami ɗalibi a nan ita ce: wurare nawa ne suka raba wa ma'aikata kati ba su taɓa canza wannan mabuɗin ba?

Dalilin katuna goma ga shi. Dokokin shigan nan an rubuta kowane bit nasu sau biyu, sau ɗaya a miƙe, sau ɗaya a juye. In ka rubuta layin mai gadi biyun ba su yi daidai ba, katin zai rufe sashen har abada. Ba mabuɗin da zai buɗe shi, ba na'urar da za ta gyara. Yadda hakan ke faruwa kuwa mai sauƙi ne: ɗalibi ya rubuta kod da zai cika layi 4 zuwa 10 da sunansa, ya manta na 7 yana tsakani. Saboda haka gwajin rubutu a fara shi a layi na 4 shi kaɗai. In lokacin canza mabuɗi ya yi, a canza bayit shidan farko, a bar FF 07 80 yadda suke, a rubuta sabon mabuɗin a littafi tun kafin a tura. Wasu ƙananan tarkuna biyu: wurin da za ka karɓi layi dole ya zama bayit 18, ba 16 ba, don biyu na CRC ne, lambar gano kuskure, kuma in ba ka kira PICC_HaltA da PCD_StopCrypto1 a ƙarshe ba, kati na biyu ba zai karantu ba sai ka kashe ka kunna.

Kusan duk misalan kullen ƙofa da ke yawo a intanet abu ɗaya suke yi: a karanta UID, a gwada da wanda aka ajiye, in sun dace a buɗe. Gina shi, don yana da kyau ka ga fitila ta kunna. Sannan ka san ba tsaro ba ne. UID suna ne, ba kalmar sirri ba. Katin yana faɗarsa ga duk na'urar da ta tambaya, ba tare da wani mabuɗi ba, kuma akwai katunan da aka ƙera musamman yadda layin 0 ɗinsu ke rubutuwa. Sayi guda biyu daga cikinsu, ka ɗora lambar katinka a kan ɗaya, ka ga ƙofarka ta gwaji ta buɗe masa ba musu. Kamar mai gadi ne da ke tambayar suna kawai, duk wanda ya ce shi ne Malam Wane sai ya wuce. Wani gwaji mai daɗi: in salularka Android ce mai NFC, wato mai iya magana da irin waɗannan katunan, ɗora bayanta a kan allon sau uku. Yawanci lambar za ta canza kowane karo, tana farawa da 08. Da gangan aka yi, don kada a bi sawun mai ita.

Mai wayo zai ce to a bar UID, a ajiye sirri cikin sashe a kulle da mabuɗi. Ya fi na farko, amma shi ma an daɗe da wuce shi. Mifare Classic ya fito a 1994, da tsarin sirrantawa mai suna Crypto-1 wanda mabuɗinsa bit 48 ne, kuma kamfanin ya ɓoye yadda yake aiki. A Disamba 2007 Karsten Nohl da Henryk Plötz suka nuna a wani taro a Balin cewa sun gano tsarin ta hanyar kankare guntun da ɗaukar hotonsa da madubin likita. A 2008 masu bincike na Jami'ar Radboud a Holan suka kammala fasa shi. NXP ta kai ƙara don hana wallafawa, kotu ta ƙi. Katin sufurin Landan, Oyster, a lokacin irin wannan ne, daga baya aka mayar da shi DESFire, wani nau'in kati da ya fi tsaro. Ko a 2024 wani mai bincike, Philippe Teuwen, ya bayyana wani ɓoyayyen mabuɗi a cikin katunan kwaikwayo na kamfanin Fudan. Darasin ba na kati kaɗai ba ne: tsaron da ya dogara da cewa ba wanda ya san yadda aka gina shi, ranar da aka sani ya ƙare.

Rabi na biyu shi ne inda ESP32 ke nuna amfaninsa, kuma shi ne yawancin masu saye ba sa kaiwa.

Nemi tsohuwar rauta ta gida, ko da ba layin intanet a jikinta, ka kafa rezo naka na gwaji. Kada ka yi a wifin lakwal ko na jami'a. ESP32 zangon 2.4 GHz kawai yake gani, in rautar tana kan 5 ba zai same ta ba. A kwamfutarka buɗe jaka wadda ba komai cikinta, ka rubuta python3 -m http.server 8080, umarnin da zai mayar da kwamfutar saba, wato mai karɓar saƙo. Jakar ta zama fanko da gaske, don wannan umarni yana baje duk abin da ke cikinta ga kowa a rezon. Sa ESP32 ya riƙa aika lambar kati zuwa adireshin kwamfutar duk lokacin da aka ɗora. Buɗe Wireshark, manhajar kallon saƙonnin da ke bin rezo, a kan haɗin wifi na kwamfutar, ka tace da tcp.port == 8080. Za ka ga gaisuwar TCP guda uku, SYN, SYN-ACK, ACK, sai saƙon kansa, lambar katinka a fili kamar an rubuta a bango. Gani ya kori ji.

Abu uku ne ke hana wannan gwaji tafiya. Katangar tsaro ta Windows takan toshe mashigar, musamman in ta ɗauki rezon a matsayin na jama'a. Wasu rautoci, da wasu salulolin da aka mayar wurin raba wifi, suna hana na'urorin da ke kansu ganin juna, sai an kashe wannan saitin. Na uku kuma rashin fahimta ne: ɗalibi ya ɗora sabar a kwamfutar abokinsa, ya buɗe Wireshark a tasa, bai ga komai ba, ya ɗauka saƙon a ɓoye yake. Ba a ɓoye yake ba, ba ta kansa ya bi ba ne kawai. Shi ya sa a gwajin farko sabar da Wireshark su zauna a kwamfuta ɗaya. Kuma kada kalmar sirrin wifi ta kwantar maka da hankali: a WPA2 irin na gida, wanda ya san kalmar kuma ya kama gaisuwa huɗun da na'ura ke yi lokacin shiga, zai iya warware zirga-zirgarta.

Yanzu kwafi adireshin da ka gani, ka aika shi da curl, umarnin tura saƙo ga saba, daga wata kwamfuta a rezon gwajin. Sabar za ta rubuta cewa an ɗora katin, alhali katin yana aljihunka. In tsarin na rajistar zuwa aji ne, ga ɗalibi ya halarci darasi yana kwance a Garin Malam. Ba a taɓa kati ba, ba a fasa komai ba, maimaita saƙo kawai aka yi.

Gyaran mataki biyu ne, kuma tsallake ɗaya yana ɓata ɗayan. Na farko TLS, wato sirranta saƙo tsakanin ESP32 da sabar, ta hanyar WiFiClientSecure. A nan akwai tarkon da ya fi kowane kama mutane: misalai da yawa suna ɗauke da layin setInsecure(), saboda da shi abu ke aiki nan da nan. Ma'anarsa a sirranta saƙo amma kada a tambayi wa ake ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin da ya dace shi ne ka ƙirƙiri takardar shaida taka da openssl, ka ba ESP32 ita ta setCACert, ka kuma sa rauta ta riƙa ba kwamfutar adireshi ɗaya kullum, don in sunan da ke takardar bai dace da wanda aka kira ba haɗin zai ƙi. Na biyu, kowane saƙo ya ɗauki lamba mai ƙaruwa da hatimin HMAC-SHA256 da aka lissafa da sirrin da ESP32 da sabar kawai suka sani. Sabar ta ƙi duk lambar da ba ta wuce ta baya ba. A ajiye lambar da laburaren Preferences, in ba haka ba duk ɗaukewar kuran za ta koma sifili, sabar ta yi ta ƙin saƙonnin gaskiya. Agogo ma haka: ESP32 ba shi da batirin riƙe lokaci, yana tashi ne a 1970. Ko dai ya nemi lokaci a rezo ta NTP, da ƙarin daƙiƙa 3600 na agogon Nijar, ko a sa masa allon agogo DS3231 mai ɗan batirin CR2032.

Ko bayan wannan, sirrin yana kwance cikin ƙwaƙwalwar allon, kuma wanda ya sami allon a hannu da igiyar USB zai iya kwashe ta da esptool. ESP32 yana da hanyar sirranta ƙwaƙwalwarsa, amma tana ƙona wasu fis na ciki da ba sa dawowa, don haka ba abin gwadawa ba ne a kan allo ɗaya tilo da kake da shi. Maganin da ba ya cin ko dala: ESP32 ya zauna cikin ɗaki, allon RC522 mai eriya kawai ya leƙo waje.

Rautar kanta ta cancanci yini guda. Canza kalmar shiga shafinta, kashe WPS, tsarin shiga wifi da lamba maimakon kalmar sirri, wanda tun 2011 aka nuna cewa lambobinsa takwas ana iya gano su da gwaji kusan 11,000, sannan ka bi adireshinta da nmap, manhajar binciken rezo, ka ga mashigai nawa ta bari a buɗe ba ka sani ba.

Wanda ya kai ga ɗaura kuba ta gaske zai haɗu da Damagaram ɗin kanta. Ƙofofinmu na ƙarfe ne, kuma ƙarfe yana shanye ƙarfin eriya. A takarda guntun yana kai santimita 5, a aikace 2 zuwa 3 ne, in ka manna shi a jikin ƙarfe kuwa ƙila ya daina gani sam. Sa katako ko roba mai kaurin santimita 2 zuwa 3 a tsakani. Kubar bolt 12 ta sha wutarta daban, ta hanyar rile, wato makunnin da ESP32 ke sarrafawa, da dayod 1N4007 a juye a kan ƙafafunta biyu. In babu dayod, duk lokacin da kubar ta saki sai ESP32 ya mutu ya tashi. Kada kuma a ɗaura rile a ƙafa ta 12, tana iya hana allon tashi, kuma 34 zuwa 39 karɓa kawai suke yi, ba sa bayarwa. Babbar tambaya ita ce me zai faru in kuran ya ɗauke. Kubar maganaɗisu sakewa take, ƙofa ta zama a buɗe. Mai harshen ƙarfe kuma a kulle take zama, har da mutanen da ke ciki in ba a yi mata mariƙin hannu ba. Dole a zaɓa da sani, a kuma sa batirin 12V 7Ah. Da hunturu, iskar da ta bushe tana tara lantarki a jiki, taɓa wani ƙarfe kafin ka taɓa allo. Ƙura tana shiga hujin allon gwaji ta kawo matsalar da ke zuwa tana tafiya, ajiye shi cikin roba mai murfi. Zafin Afrilu da Mayu bai cika damun allunan ba, katunan ne ke lanƙwashewa in an bar su ƙarƙashin kujerar babur.

Inda ledar ta gaza ma yana da yawa. Ba ta ganin katunan 125 kHz irin EM4100, waɗanda a ido ba su da bambanci da naka, kuma na'urorin ƙofa masu araha da yawa da su suke aiki. Waɗannan sai RDM6300. Katin DESFire mai AES-128, wato irin wanda ya kamata ɗalibi ya koyi gina tsari da shi, za ta nuna maka lambarsa da SAK 20, daga nan laburaren ba ya kai ka nesa. Wannan shi ne babban aibinta: tana nuna maka ciwo sarai, ba ta ba ka wurin gwada magani. Mataki na gaba shi ne allon PN532, ko ACR122U na kamfanin ACS wanda guntun PN532 ne a cikinsa, ana soka shi a USB kai tsaye. A Linux sai ka hana direbobin pn533 da nfc tashi kafin pcscd, manhajar da ke kula da na'urorin karanta kati, ya kama shi. Da ACR122U za ka fara aika umarnin APDU, yaren da ake ba kati umarni da shi, da hannunka: FF CA 00 00 00 ya dawo maka da UID, da 90 00 a ƙarshe, ma'ana lafiya. Proxmark3 ya fi su duka, yana jin zangon biyu, amma kuɗinsa ya ninka nasu, kuma wanda bai san tsarin sashe da layi ba zai riƙa buga umarnin da bai san ma'anarsu ba ne kawai. A bari sai shekara ta biyu, kuma a saya na ƙungiya.

Katunan da ake sokawa, masu faifan zinariya, duniya ce daban, ta ISO 7816, ko ACR122U ba ya karanta su, sai irin ACR39U. Abin gwaji yana aljihun kowa: tsohon SIM naka na Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom da ka daina amfani da shi, a cikin babban firam ɗinsa. Umarnin pcsc_scan zai nuna gaisuwar farko da katin ke yi, ATR. Kula da ƙidaya: PIN sau uku, PUK sau goma, bayan nan katin ya tafi. Katin banki, na GIM-UEMOA ne ko Visa, a bar shi a aljihu. Guntunsa yana lissafa sabon hatimi a kowane ciniki, dabarar da ka riga ka gina da hannunka a saƙon HMAC, kuma wannan fahimtar ta ishe ka.

Maganar doka gajera ce. Dokar Nijar mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 ta haramta shiga tsarin kwamfutar wani da satar sauraren bayanansa ba izini, kuma cewa koyo kake ba hujja ba ce. Katin aikin yayanka, katin ɗakin otal, wifin maƙwabci, duk ba naka ba ne. In malami ko mai shago ya ce ka gwada masa tsarinsa, ya rubuta ya sa hannu, da kwanan wata da iyakar abin da za a taɓa. In kuma aikin ƙarshen karatunka a Jami'ar André Salifou rajista ce mai ɗauke da sunayen ɗalibai na gaske, bayanan mutane ne, kuma akwai hukumar HAPDP da ke kula da su. Yi gwaji da sunayen ƙarya.

Ga ƙungiyar mutum huɗu, saƙon farko ya ƙunshi RC522 uku, ESP32 biyu, fararen katuna goma, masu canza lamba biyu, sitika NTAG213 kaɗan don a ga kati mai tsari daban, bayit 144 ba sashe ba mabuɗin A, da damin gajerun wayoyi. Da kayan sun iso, a gwada kowane allo da DumpInfo a ranar, tun mai saƙon bai manta wurin da ya sayo ba. Kowane kati a rubuta masa lamba a baya da maka, a buɗe masa shafi a littafi: UID ɗinsa, sashen da aka taɓa, mabuɗin da aka sa. Wanda sashensa ya rufe kada a yar, sauran goma sha biyar suna nan da ransu.